Abin da gwajin jini ke nunawa game da haɗarin mutuwa a cutar korona

Mutum biyu masu kusan shekaru ɗaya kan kwanta a asibiti da cutar korona, ɗaya ya warke cikin mako guda, ɗayan kuma ciwonsa ya yi tsanani. Masana lafiya sun gano cewa sau da yawa jini kan nuna inda ciwon ya dosa tun kafin numfashi ya gaza.

Dalili shi ne, ba ƙwayar cutar kaɗai ke kisa ba. A wasu marasa lafiya garkuwar jiki kan wuce gona da iri wajen yaƙar ta, har kumburi ya lalata huhu da jijiyoyi, jini kuma ya riƙa daskarewa.

Alamar farko da likitoci ke aunawa ita ce sinadarin CRP, wanda hanta ke fitarwa idan kumburi ya taso. A mai lafiya yakan kasance ƙasa da miligiram 10 a kowace litar jini. Ta biyu ita ce D-dimer, ragowar daskararren jini da jiki ya narkar. Wani bincike da mujallar Lancet ta wallafa a watan Maris na 2020 kan marasa lafiya 191 a birnin Wuhan na ƙasar Sin, waɗanda 54 daga cikinsu suka rasu, ya nuna cewa hauhawar D-dimer na tafiya da haɗarin mutuwa mai yawa. Ta uku ita ce ƙidayar fararen ƙwayoyin jini: idan nau'in nutrofil ya ƙaru, limfosait kuma ya ragu, lamarin na neman ƙazancewa.

Wannan gwaji na uku mai sauƙi ne kuma mai araha, saboda haka yana da muhimmanci ga yankuna irin su Gidan Waya da ke ƙaramar hukumar Jema'a, inda masu ciwo mai tsanani kan nufi Asibitin Patrick Yakowa da ke Kafanchan. Sakamakonsa na taimaka wa likita ya tantance wanda za a sa wa ido sosai ko a tura shi gaba da wuri.

Sai dai akwai buƙatar hattara. Zazzaɓin cizon sauro, tarin fuka da ciwon sikila duk suna ɗaga CRP, juna biyu kuma na ɗaga D-dimer. Don haka likita kan haɗa sakamakon da shekarun majiyyaci, yawan iskar oksijin a jininsa, da cututtuka kamar ciwon suga da hawan jini.

Haka batun magani. Binciken RECOVERY na Birtaniya ya nuna a watan Yunin 2020 cewa maganin rage kumburi na deksametason ya rage mace-mace da kusan kashi ɗaya bisa uku a tsakanin waɗanda ke kan na'urar numfashi, amma bai amfani waɗanda ba sa buƙatar oksijin ba. Sayen sa a kemis ba tare da umarnin likita ba na iya jawo illa, musamman ga masu ciwon suga.