Malamin Hausa a Ƙasar Sin da Kayan Koyarwa na Intanet

Titin Zhanxi yana dab da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta birnin Guangzhou, a kudancin ƙasar Sin. Ma'anar sunansa ita ce titin da ke yamma da tasha. An san shi da kasuwannin sari na agoguna da takalma da tufafi, waɗanda 'yan kasuwa daga ƙasashe da dama suke zuwa saye. Daga cikin fataken Afirka masu zuwa Guangzhou akwai Hausawan Nijeriya da na Nijar. Ɗalibin Hausa da ya ci karo da su zai ji kalmomi irin su kwantena da kwastan da dila da canji da alat, wato saƙon da banki yake turowa a waya idan kuɗi sun shiga. Wasu daga cikinsu ba zai same su a littafin da ya karanta ba, domin littafin ya girme su. Cike wannan giɓi aikin malami ne, kuma a yau mafi yawan kayan aikin suna cikin intanet.

Koyar da Hausa ba sabon abu ba ne a ƙasar Sin. A 1963 gidan rediyon ƙasar ya buɗe sashen Hausa, kuma a cikin shekarun 1960 aka fara koyar da harshen a manyan makarantun Beijing. Babbar matsalar malami a wancan zamani ita ce ƙarancin kaya. Littafi sai an yi saƙonsa daga Zariya ko Landan, jarida kuwa kafin ta iso labarinta ya kwana da yawa. Idan yana son ɗalibai su ji muryar Bahaushe, sai ya kama tasha a gajeren zango, ya naɗa a kaset tare da duk ƙarar da iska ta kawo.

Intanet ta kawar da wannan ƙaranci. Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a 1957, da na DW a Jamus da na RFI a Faransa da na ƙasar Sin duk suna sa labaransu a rubuce da kuma cikin murya. Ƙamusun Bargery na 1934, wanda a da sai a babban ɗakin karatu ake ganinsa, an mayar da shi cikin kwamfuta, ana neman kalma a samu nan take. Akwai kuma darussan bidiyo na Hausar Baka, waɗanda Abdullahi Bature da Russell Schuh da Richard Randell suka fitar a 1998, inda ɗalibi yake ganin yadda ake gaisuwa da ciniki a ƙasar Hausa. Sai dai ba duk wannan dukiya ce take isa ajin da ke Guangzhou ba. Tun 2009 aka toshe YouTube da Facebook a babban yankin ƙasar Sin, a 2019 aka toshe Wikipedia ta kowane harshe, haka ma shafukan wasu gidajen rediyo na ƙasashen Yamma. Saboda haka darasin da wani malami ya tsara a Jamus ko Amurka, ya dogara kacokan ga bidiyon YouTube, ba zai yi amfani a nan ba sai an sake masa tsari.

Ko da kaya sun samu, akwai aikin tacewa, kuma a nan ne ake gane ƙwararren malami. Yawancin Hausar da ake rubutawa a intanet ba ta bin ƙa'idojin rubutu. Abu na farko da yakan faɗi shi ne lanƙwasar haruffan ɓ da ɗ da ƙ, domin allon rubutu na wayoyi da yawa ba ya nuna su sai an nema. Bahaushe ba ya rikicewa idan ya ga an rubuta kare a wurin ƙare, ko baki a wurin baƙi, saboda ma'anar jimla tana yi masa jagora. Baƙon harshe ba shi da wannan gata. Zai ɗauki kalmar yadda ya gan ta, ya furta ta haka, kuskuren ya zauna a bakinsa shekara da shekaru. Haka nan ake haɗe abin da ya kamata a raba, a raba abin da ya kamata a haɗe: a rubuta zanzo maimakon zan zo, ko ya na maimakon yana.

Akwai kuma abin da ko rubutu mai bin ƙa'ida ba ya nunawa, wato karin sauti da tsawon wasali. Da haruffa ɗaya ake rubuta kuka na hawaye da kuka ta miya, wuya na jiki da wuya ta wahala, gari na mutane da gari na tuwo. Abin sha'awa shi ne ɗalibin ƙasar Sin ya riga ya saba da sauraron karin sauti a harshensa, don haka kunnensa ba ya ƙyamar wannan darasi; tsawon wasali ne yakan fi ba shi wahala. Shi ya sa rubutaccen labari shi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa shi da murya. Bayan wannan sai batun karin harshe. Mai magana daga Sakkwato zai ce shina da hwari inda Bakano zai ce yana da fari, mutumin Maraɗi kuwa yana iya kiran makarantar boko lakwal, malaminta mushe, saboda aro daga Faransanci. Duk Hausa ce ingantacciya, amma ɗalibin shekarar farko yana bukatar a faɗa masa wadda yake ji.

Ga yadda malami mai lura yakan yi da labari guda. Yakan zaɓi gajere, wanda bai wuce minti biyu ko uku ba, ya sauke shi kafin ranar darasi don kada intanet ta yanke a tsakiyar aji. Sai ya saurara ya rubuta shi da hannunsa, ya mayar da lanƙwasa inda ta faɗi, ya sa alamar karin sauti da tsawon wasali a kan sababbin kalmomi kaɗai. A aji ba ya raba takardar tun farko. Ɗalibai sukan saurara sau biyu, su faɗi abin da suka tsinta, sannan su ga rubutun su gane inda kunne ya yaudare su. Labarin minti uku yana iya cin awa biyu na shiri. Wanda ya kunna bidiyo mai tsawo ya koma gefe ya zauna, na'ura ce ta yi magana a ajinsa, ba a yi koyarwa ba.

Irin wannan ƙwarewa koyon ta ake yi, kuma Arewacin Nijeriya ta daɗe da sanin horar da malami yana bakin aikinsa. A 1976 aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI, a Kaduna, domin shirin ba da ilimin firamare ga kowa ya bukaci malamai fiye da waɗanda kwalejoji za su iya yayewa. Da littattafan karatu daga nesa da haɗuwar ƙarshen mako take aikinta. Daga baya ta shiga shirin TESSA, wanda jami'ar karatu daga nesa ta Ingila ta jagoranta tun 2005, inda aka sa darussan horar da malamai a intanet kyauta, tare da izinin kowa ya gyara su daidai da ajinsa. Wannan izini shi ne ya fi kome amfani ga malamin da ke ƙasar waje. Shirin African Storybook, alal misali, yana da gajerun labarai na Hausa masu hotuna, an jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Don yaran Hausawa aka yi su, amma idan an gyara sukan dace da babban mutum mai koyon harshe a watanninsa na farko.

Malamin da ya daɗe da barin gida yana da wata bukata ta daban, domin Hausarsa ma tana tsufa ba tare da ya sani ba. Maganin wannan shi ne mu'amala da takwarorinsa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato, ya tambaye su kalmar da ta shigo da wadda aka daina ji. Annobar korona ta 2020, wadda ta mayar da azuzuwan ƙasar Sin kan manhajoji irin su Tencent Meeting da DingTalk, ta saba wa malamai da ɗalibai da karatu ta bidiyo. Yanzu ana iya gayyatar malami daga Kano ya yi magana da aji kai tsaye, muddin an lura da agogo: Guangzhou tana gaban Kano da awa bakwai, don haka darasin ƙarfe huɗu na yamma a nan ya yi daidai da ƙarfe tara na safe a can.