Ledar Naɗe Kaya A Kan Falet: Yadda Za Ka Zaɓa Da Yadda Za Ka Naɗa

Duk ɗan'uwanmu da ke aikin lodi a sitocin Apapa da Ikeja, ko yake karɓar kaya a Onitsha da Fatakwal, ya san ledar nan mai miƙewa da ake naɗe katan-katan da ita a kan falet, wato katakon da motar ɗaga kaya ke ɗauka. Da yawa na ɗauka aikinta kare ƙura ne kawai. Ainihin aikinta shi ne ta haɗe kaya da katakon su zama abu guda. In naɗin bai yi ba, rami ɗaya tirela za ta faɗa kaya su zube, kuma sau da yawa a kan ɗan lodi ko mai kaya asarar ke sauka.

Da farko duba kauri. Da maikiron ake aunawa, kuma ta naɗin hannu yawanci tana tsakanin 17 da 23, faɗinta santimita 50. Kaya marasa nauyi kamar katan ɗin biskit ko taliya, ta 17 ta wadatar. Amma kwalabe, bokitin fenti ko kaya masu kaifin gefe, nemi ta 23 zuwa sama.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai haske garau, wadda ba ta ƙara idan ana warware ta, ana iya karanta rubutun katan ta cikinta. Akwai mai ɗan duhu da ƙara, ita kuwa ta fi jure huda. Baƙa kuma amfaninta ɓoye kaya daga idon mutane a hanya.

Wajen saye a kula. In da kilo ake sayarwa, tambayi nauyin ledar ban da kwalin tsakiya, domin wasu na sa kwali mai kauri ne don sikeli ya cika. Ka tambayi tsawonta mita nawa ne. Mai araha da ke tsinkewa kullum, ai ita ce mai tsada.

To, yaya ake naɗi? Jera kaya tukuna, masu nauyi a ƙasa, kada katan ya leƙo waje da bakin katako. Ɗaura bakin ledar a ƙafar falet, ɓangaren da ke mannewa ya fuskanci kaya. Zagaya ƙasa sau uku, kana haɗawa da katakon kansa. Nan ne mafi yawa ke kuskure: su naɗe kaya tsaf, su bar katako, sai lodin ya zame gaba ɗaya. Daga nan hau sama, kowane zagaye ya rufe rabin na baya, kana ja har ta miƙe amma ba har ta murƙushe kusurwar katan ba. Zagaya sama sau biyu, ka sauko. In ka gama, tura lodin da hannu. Ya yi rawa? Ƙara naɗi.

Da damina a shimfiɗa leda a saman kaya kafin naɗi, don ruwa ta sama yake shiga. Kada a bar lodi ya daɗe a rana, tana rage wa ledar ƙarfi.

Ga 'yan gwarinmu na Mile 12 kuwa, albasa da tumatir da tattasai suna buƙatar iska. In aka rufe su ruf da wannan leda, gumi zai taru su ruɓe. Su sai raga ko leda mai huji-huji.