Tallafin Ron Brown: Kuɗin Makaranta Da Jagora Ga Ɗalibai Baƙar Fata

A ranar 3 ga watan Afrilun 1996, wani jirgin saman sojan Amurka ya yi karo da tsauni kusa da birnin Dubrovnik na ƙasar Kuroshiya, dukan mutane 35 da ke cikinsa suka rasu. Daga cikinsu har da Ron Brown, baƙar fata na farko da ya riƙe muƙamin sakataren ciniki na Amurka. A wannan shekara ce aka kafa wani shirin tallafin karatu da sunansa, mai hedkwata a garin Charlottesville na jihar Virginia, domin ɗalibai baƙar fata masu hazaƙa waɗanda iyayensu ba su da halin biyan kuɗin jami'a.

Shirin ya ƙayyade dala dubu 40 ga kowane ɗalibi, wato dubu 10 a shekara har shekaru huɗu. Ba sakamakon jarrabawa kaɗai ake dubawa ba. Akan auna ƙarfin aljihun iyaye, da irin hidimar da yaro ya yi wa al'ummarsa, sannan a gayyaci waɗanda suka kai zagayen ƙarshe birnin Washington a yi musu tambayoyi baki da baki.

Dalilin duba aljihun a fili yake. Alƙaluman Babban Bankin Amurka na 2022 sun nuna cewa dukiyar matsakaicin iyalin farar fata ta kai kimanin dala dubu 285, ta baƙar fata kuwa ba ta cika dubu 45 ba.

Sai dai kuma dala dubu 40 ba ta kai kuɗin shekara guda ba a jami'a irin Harvard, in an haɗa da abinci da wurin kwana. Saboda haka babbar ribar shirin tana wajen jagoranci. Yaron da ya zama na farko a gidansu da ya taka jami'a ba shi da kawun da zai tambaya yadda ake tunkarar farfesa, ko inda ake neman aikin koyon sana'a lokacin hutu. Baƙo ne, ko da idonsa ya kai kwano. Shi ya sa akan haɗa shi da tsofaffin ɗaliban shirin, likitoci da lauyoyi da sauransu, waɗanda suka riga shi bin hanyar.

Yanayin ya sauya a watan Yunin 2023, lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta haramta yin la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, a shari'ar jami'o'in Harvard da North Carolina. Hukuncin bai yi magana kai tsaye kan tallafin gidauniyoyi masu zaman kansu ba, amma ya sa jami'o'i da dama sun sha jinin jikinsu. A 2024, jami'ar Duke ta rufe tallafin Reginaldo Howard, wanda ta ware wa ɗalibai baƙar fata tun 1979.