Gemu Ba Ya Hana Ilimi: Kunyar Koyo Tana Jawo Wa Manya Asara

A farkon shekarar 2023, bayan an sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo a Najeriya. Dole ta sa ciniki ya koma ta waya. A lokacin ne wata matsala da ta daɗe a ɓoye ta fito fili. Sai ka ga dattijo mai buhunan masara a kasuwa, wanda ya fi kowa iya lissafi da ka, ya miƙa wa yaro wayarsa yana cewa, "Duba min, sun shigo kuwa?" Idan yaron mai amana ne, an tsira. Idan kuwa saƙon bogi aka turo, sai dai a wayi gari kaya sun tafi, kuɗi ba su zo ba.

Ku tsaya kusa da mai POS na ɗan lokaci za ku ga abin tausayi. Baiwar Allah ta kwance katin banki daga bakin zane, ga lambar sirrin an rubuta mata a 'yar takarda an naɗe tare da katin. Ta miƙa duka biyun, ta ce a cire mata dubu biyar. Ba ta san nawa aka cira ba, ba ta san nawa ya rage ba. Haka ake dangwala yatsa a takardar gona ba a san abin da ta ƙunsa ba, haka ake bai wa yaro magani fiye da ƙima saboda ba a iya karanta abin da ke jikin kwalba ba.

Idan ka ce wa irin waɗannan bayin Allah su shiga ajin yaƙi da jahilci, amsar kusan ɗaya ce. "Girma ya zo." "Kaina ya cushe da hidimar iyali." "Ni da jikoki, in zauna ana koya min baƙi da wasali?" Wani ma ya kare kansa da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma in an bi diddigi, ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba. Tsoro ne: tsoron dariyar maƙwabta, tsoron yin kuskure a gaban na ƙasa da kai, da tsoron barin abin da aka saba. Mutumin da ya haddace bashin mutum talatin ba tare da littafi ba, ko matar da ke riƙe da lissafin adashin unguwa guda, ba za a ce haruffa sun fi ƙarfinsu ba. Da yawa ma sun yi makarantar allo, suna karanta Alƙur'ani da ajami. Waɗannan ai sun riga sun ci rabin tafiya.

Karatun manya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun a ƙarni na 19, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take koyar da mata masu shekaru da ake kira jaji, su kuma su koma ƙauyuka su ilmantar da 'yan'uwansu. A shekarun 1950 aka yi gagarumin Yaƙi da Jahilci a Jihar Arewa, wanda Malam Ahmadu Coomassie ya yi fice wajen jagorantarsa, hukumar NORLA a Zariya kuma tana buga ƙananan littattafai da jaridun larduna domin sababbin masu karatu. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, wadda aikinta ya kai har UNESCO ta ba ta lambar yabo. Kakanninmu sun zauna a tabarma da fensir a hannu, kuma mutuncinsu bai zube ba.

A wasu ƙasashe ma haka abin yake. A Kenya, Kimani Maruge ya shiga aji ɗaya na firamare a 2004 yana da shekara 84, bayan gwamnati ta mayar da karatun firamare kyauta. Ya sa kayan makaranta, ya zauna da sa'o'in jikokinsa, kuma a 2005 sai ga shi a birnin New York yana kira ga duniya a kan ilimin yara. Da ya tsaya jin me mutane za su ce, da babu wanda ya san da shi.

Sai dai a yi hattara, karɓar sabon abu ba yana nufin afka wa duk abin da ya zo ba. Akwai bambanci tsakanin tsoro da taka-tsantsan. Tsoro yana hana ka koyo, taka-tsantsan kuwa yana sa ka yi tambaya kafin ka sa ƙafa. Mutane da yawa sun yi kuka a ƙarshen 2016 lokacin da tsarin MMM ya rufe da kuɗaɗensu, kuma har gobe ana ɓullo da irinsa da sabon suna. Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata guda ba tare da sana'ar da ido ke gani ba, ka guje shi. Duk wanda ya kira ka a waya ya ce daga banki yake, ya nemi lambar sirrin katinka ko lambar da aka turo maka ta saƙo, ɓarawo ne, domin banki ba ya tambayar waɗannan. Abin lura shi ne, wanda ya ƙi koyo ya fi kowa saurin faɗawa wannan tarkon.

To, ta ina za a fara? A fara da ƙarami. Ka koyi rubuta sunanka da lambar wayarka. Ka koyi gane lambobi a saƙon banki da duba ragowar kuɗinka da kanka. Ka je sakatariyar ƙaramar hukuma ko wurin mai unguwa ka tambayi inda ake ajin manya, domin jihohi suna da hukumomin wannan aiki, makarantun Islamiyya na matan aure da dama kuma suna haɗawa da boko da koyon sana'a. Ranar farko hannu zai yi tauri, harafi zai karkace, wataƙila wani ya yi murmushi. Wannan duk mai wucewa ne. Ranar da ka sa hannu a takarda da alƙalami maimakon dangwale, za ka san wahalar ba ta tafi a banza ba.

Kira na musamman ga magidanta: ku bar matanku su je aji, domin uwar da ta iya karatu ita ce ke duba katin rigakafi da aikin makarantar yara. Matasa kuma, idan iyayenku suka ce ku nuna musu abu a waya, kada ku karɓe ku yi musu, ku zauna ku koya musu cikin ladabi da haƙuri. Limamai da masu unguwanni su riƙa yabon wanda ya koma karatu a bainar jama'a, don masu dariya su ji kunya. Kai kuma mai karatu, tabbas ka san wani a gidanku ko unguwarku da ba zai iya karanta wannan rubutu ba. Karanta masa, sannan ka raka shi ya yi rajista.