Kwangilar Sito: Wa Zai Biya Idan Hatsin Gwamnati Ya Lalace?

Da kaka, duk wanda ya bi hanyar Ƙaraye zuwa Rogo zai ga masara a shanye, ga buhunan dawa a jingine suna jiran mota. Yawancin hatsin nan ba ya daɗewa a Rogo Sabon Gari. Manomi na da bashin taki a wuya, ga hidimar gida, dole ya sayar a lokacin da kaya suka fi araha, motoci su kwashe su nufi Dawanau. Idan damina ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, shi ɗin ne zai koma kasuwa ya auno tiya da tsada. Domin wannan tsakani na kaka da marka gwamnati ke ajiyar hatsi, kuma da yake ba ta iya riƙe ajiyar ita kaɗai, sai ta ba da kwangila.

Tun da aka rushe hukumar hatsi ta ƙasa a 1986, gwamnatin tarayya ta dogara ne ga manyan rumbunan ƙarfe, har suka kai wurare 33 masu ɗaukar kimanin tan miliyan 1.36, ciki har da na Gaya a gabashin Kano. A watan Satumba na 2018, lokacin Audu Ogbeh yana ministan noma, aka amince a jinginar da 20 daga cikinsu ga kamfanoni na shekara 10, ana sa ran samun naira biliyan 6. Ba laifi ba ne ɗan kasuwa ya riƙe sito. Sau da yawa ma ya fi ma'aikaci kula da rufin da ke yoyo, domin aljihunsa ne zai ji. Abin dubawa shi ne me aka rubuta a takardar. Kwangilar da ke biyan kuɗin haya kawai, ko ta tsaya kan abin da kamfani zai zuba wa baitulmali, ta bar hatsin a baya. Masarar da aka ɗura ba ta gama bushewa ba, cikin 'yan makonni za ta yi zafi ta yi fumfuna. Buhun da aka jera a ƙasa ba katako, danshi zai ci gindinsa, ƙwari su mai da cikinsa gari. A ganina dole takarda ta faɗi nauyin da ya shiga, wanda zai auna, da wanda zai biya idan aka buɗe aka tarar da dusa.

Haka kuma ya kamata wani kaso na ajiyar ya sauko kusa da gona. Gwamnatin jiha na iya kama hayar situna a garuruwa irin su Rogo da Ƙaraye, ta saya da kaka, ta fitar da damina, kuɗin mota ya ragu sau biyu. Wasu za su ce ƙananan situna a warwatse ƙofar sata ce, kuma maganarsu ba ta rasa tushe. Amma a tuna da Oktoban 2020, da jama'a suka fasa rumbunan kayan tallafin korona a Jos da Kaduna da Legas. Manya ne, a cikin birane, da masu gadi. Abin da ya harzuƙa mutane shi ne suna cikin yunwa ba su san da kayan ba. Siton da aka liƙa yawan buhunansa a ƙofa, dagaci da ƙungiyar manoma suka shaida awo, ya fi wuyar wawurewa.

Wasu kuma na tsoron kada mai kwangila ya rikiɗe ya zama mai ɓoye abinci, irin zargin da ya sa hukumar yaƙi da rashawa ta Kano ta garƙame wasu situna a Dawanau a Fabrairun 2024. Maganin wannan ma a takarda yake. A rubuta watan da za a buɗe sito da farashin da za a sayar tun ranar sa hannu, a kuma karanta a rediyo, yadda manomin Rogo zai san ranar da zai zo da buhunsa.