Baƙin Mai Da Sauƙin Shigar Giya: Abin Da Masu Harkar Babura Ya Kamata Su Sani

KUTA, Jihar Neja — A Kuta, hedkwatar ƙaramar hukumar Shiroro, babur shi ne jakin zamani. Shi ke fito da doya da hatsi daga ƙauyuka zuwa kasuwa, shi kuma ke ɗaukar fasinja zuwa Gwada da kewaye. Saboda haka duk ranar da babur ya kwana a wurin bakanike, asara ce ga mai tuƙi da kuma wanda ya zuba jarinsa ya saye shi. Taurin giya na daga cikin abubuwan da ke kai babur gareji, kuma sau da yawa tushen matsalar shi ne baƙin man da aka zuba.

Dalili kuwa shi ne, ginin babur ya sha bamban da na mota. A mota mai giyar hannu, man inji daban, man giya daban, kuloci kuma a bushe yake aiki. Amma a babura irin su Bajaj Boxer da Jincheng, mai guda ɗaya, kimanin lita guda, shi ke yi wa inji da giya da kuloci hidima baki ɗaya, domin faya-fayan kuloci a cikin man suke jiƙe.

Yawancin man da ake yi domin motocin zamani ana sa masa sinadaran ƙara santsi, saboda a rage shan fetur. Idan aka zuba irinsa a babur, faya-fayan kuloci kan riƙa zamewa. Sai a ji inji yana ruri amma gudu bai ƙaru ba, musamman a kan hawa da kaya. Daga nan faya-fayan su ƙone.

Idan kuma man ya yi kauri fiye da kima, faya-fayan ba sa rabuwa sosai in an matse kuloci. Shi ya sa da asubahin hunturu giya kan yi ƙara, ta ƙi shiga sai da ƙarfi. Har ila yau, haƙoran giya na niƙa man a hankali har ya tsinke, ga zafin inji mai sanyaya da iska, ga kuma ƙurar hanya. Man da ya daɗe ba a juye ba, ko na jabu da ake aunawa a kwalba, ba ya jure wannan aiki.

Domin magance wannan ne masana'antun Japan suka fito da ma'aunin JASO na man babura a shekarar 1998, aka kuma ƙara masa matakin MA2 a 2006. Man da ke ɗauke da alamar MA ko MA2 ya dace da kuloci mai jiƙa, shi kuwa MB an yi shi ne domin ƙananan babura marasa giyar ƙafa. Lambobi irin su 20W-50 kauri suke nunawa: ta farko a lokacin sanyi, ta biyu idan inji ya ɗau zafi.

Sai dai ba kowane taurin giya ne laifin mai ba. Wayar kuloci da ta saki, ko sarƙar da ba a ɗaure daidai ba, su ma kan jawo haka, don haka a fara duba su.

Ga dillalan mai, ajiye mai alamar MA a rufaffen mazubi hanya ce ta riƙe abokan ciniki. Ga masu ba da babura haya kuwa, gara su riƙa sayen man da kansu, su bi kaurin da littafin babur ya ƙayyade, su kuma rubuta ranar kowane juye. Rarar da ake samu a mai mai araha ba ta kai kuɗin sabon kuloci da na kwanakin zaman banza ba. Araha dai ba ta ado.