Me Ke Kawo Ƙarar "Ƙas" A Kiɗan Na'ura?

Tun da Mamman Sani Abdullahi ya naɗi faifansa a gidan rediyon Yamai a 1978 da fiyanon Orla ƙirar Italiya, kiɗan na'ura yake ta bunƙasa a wannan yanki. Yau daga Kano zuwa Maraɗi, har Gaya da Malanbil da ƙauyukanta irin su Tumbutu ta ƙasar Benin, yawancin waƙoƙin da ake sakawa a bukukuwa da fiyano da kwamfuta aka haɗa su. Amma akwai wani aibi da ke damun masu haɗa kiɗa: wata 'yar ƙara, "ƙas", da ke fitowa a farkon sauti ko ƙarshensa. Da yawa sukan ɗora laifin kan lasifika ko waya, alhali galibi daga saiti ne.

Inda aka fi ganin asalin matsalar shi ne sintesaiza mai sassa, wadda ake haɗa ɓangarorinta da wayoyi, irin wadda Robert Moog ya fito da ita a Amurka a 1964. Wani sashe nata yana samar da sauti ba tsayawa, wani kuma shi ne linzami: shi ke faɗin yadda sautin zai tashi, ya sauko, ya dore, ya mutu. Haruffan A, D, S da R da ake gani a jikin na'urar ko a manhaja, waɗannan matakai huɗu suke nufi.

Sauti kaɗawa ne. Fatar lasifika tana gaba tana baya. Sautin ƙasa mai kauri, wanda ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, yana buƙatar kashi 20 cikin dubu na daƙiƙa kafin ya kammala zagaye guda. To idan aka saita linzamin ya buɗe cikin kashi 1 kacal, kuma buɗewar ta dace da lokacin da kaɗawar take ƙololuwarta, sai fatar ta yi tsalle daga hutu zuwa can sama nan take. Wannan tsallen shi kunne ke ji "ƙas". Kamar ƙofa ce: a tura ta sannu ba a ji, a banko ta kowa ya waiwaya. Haka ma idan aka datse sautin kwatsam yana tsakiyar kaɗawa. Shi ya sa ƙarar ta fi fitowa a sautin ƙasa mai laushi, kuma wani bugun ya yi ta, wani bai yi ba.

Maganin ba tsada. A ɗan ƙara A da R zuwa kashi 3 ko 5 cikin dubu na daƙiƙa; kunne ba zai ji jinkiri ba, amma tsallen ya ragu. A saita mai samar da sautin ya riƙa farawa daga sifili a kowane bugu. A sa matacin sauti a bayan linzamin ya rage kaifi. Mai yanka murya a kwamfuta kuwa ya yanka daidai inda layin kaɗawar ya ratsa tsakiya. Idan ƙarar ta ci gaba ko da an kashe mai samar da sautin, to wutar linzamin ce ke yoyo cikin hanyar sauti, sai a nemi mai gyara.

Sai dai ba kowace "ƙas" ce abin ƙi ba. Fiyanon Hammond da ya fito a 1935 yana da irinta. Kamfanin ya ɗauke ta aibi, makaɗa kuwa suka so ta, har masu kwaikwayon sautinsa a yau suke sanya ta da gangan. Irin wannan "ƙas" ɗin ce kuma ke ba bugun ganga na na'ura kaifin da zai ratsa hayaniyar taro.

Don haka, mai haɗa kiɗa, kafin ka kashe kuɗi kan sabuwar lasifika, duba saitin A da R tukuna.